Ƙahon da Ba na Ɓauna Ba: Bitar Littafin Peter Dodson

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana gyaran kan sa ya san ƙaho hawa biyu ne. Akwai na waje, wanda wanzami ke jan jini da shi, mabushi kuma ya busa. Wannan kube ne kawai, asalinsa ɗaya da kofato da farce. Idan kan ya sha wuta ko ruwan zafi aka ƙwanƙwasa, sai kuben ya zame, ya bar wani ƙashi mai kaushi manne da goshi, duk jikinsa hanyoyin da jijiyoyin jini suka bi. Kube yakan ruɓe a ƙasa. Ƙashin ciki kuwa, in ya dace da laka ko yashin da zai rufe shi da wuri, yana iya zama dutse, ya daɗe fiye da yadda hankali zai iya ƙirgawa.

Irin wannan ƙashin ciki guda biyu aka tono kusa da birnin Denba na Amurka a 1887, aka aika wa Othniel Charles Marsh na Jami'ar Yale, wanda a lokacin ba a jin kunyar kiran sa babba a ilimin ƙasusuwan da. Ya duba ya ga ƙashin ƙaho irin na dangin shanu, sai dai girmansa ya wuce misali. Ya yanke hukunci cewa na wata ƙatuwar ɓauna ce da ta shuɗe, har ya raɗa mata suna Bison alticornis. Kama da wane ba ta wane. Ba a rufa shekara biyu ba sai ga ƙoƙunan kai sun fara isowa daga yankin Wayomin, kowanne da irin waɗancan ƙahoni biyu a saman idanu, da na uku a kan hanci, da baki irin na aku, da wani faffaɗan ƙashi kamar faifai da ya tashi daga ƙeya ya yi wa wuya rumfa. Babu ɓaunar da ta taɓa ɗaukar irin wannan kai. A 1889 Marsh ya sa wa dabbar suna Triceratops, wato fuska mai ƙaho uku, daga baya kuma ya amsa cewa ƙahonin Denba na dainaso ne.

Wannan kuskure da gyaransa suna cikin labaran da Peter Dodson ya tattara a littafinsa The Horned Dinosaurs, wanda maɗaba'ar Jami'ar Princeton ta fitar a 1996. Littafi ne na Turanci mai shafi sama da 300, kacokan a kan dangin dainaso masu ƙaho, tun daga ƙananansu na hamadar Mongoliya har zuwa manyan da suka rufe zamanin a Amurka ta Arewa. Na karanta littattafan dainaso da dama, akasarinsu kasuwar tsoro suke ci: fiƙa, jini, ruri. Wannan ya fita daban, kuma ina jin sana'ar marubucin ce ta fitar da shi. A lokacin da ya rubuta shi, Dodson malamin ilimin sassan jikin dabba ne a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Fensilbaniya. Ya shafe shekaru yana nuna wa ɗalibai inda tsoka ke kama ƙashi a jikin dabbobin gida, kuma da wannan idon ya kalli Triceratops. Abin da ya gani dabba ce mai wuyan da dole ya ɗauki kai, da cikin da dole a cika shi kullum, da ƙafafun da nauyi ya hau kansu. Abin da ya sa nake ƙaunar littafin ke nan: yana koya wa mai karatu ya kalli ƙashi ya tambaye shi wane aiki ya yi, kuma ya san inda amsar ƙashin ta tsaya, inda zaton mutum ya fara.

Tun kusa da farko ya zaunar da mai karatu ya bi da shi ƙwarangwal, ƙashi bayan ƙashi. Marubuci mai neman kasuwa da ya tura wannan babi can ƙarshe, ko ya cire shi gaba ɗaya. Dodson ya ƙi, kuma ya yi daidai, don duk gardamar da za ta biyo baya a kan ƙasusuwan nan ake yin ta. A nan na fara sanin cewa ba ƙaho ne ke sa dabba ta shiga wannan dangi ba. Da yawa daga cikinsu ba su da ƙaho ko ɗaya. Shaidar dangin wani ƙashi ne guda a can ƙarshen leɓen sama, wanda babu wata dabba a duniya da take da shi sai su. Shi da takwaransa na haɓa ne suka haɗu suka ba da bakin aku, mai zurfi, matsattse, wanda a raye kube ya lulluɓe shi kamar yadda ya lulluɓe ƙaho. Wata 'yar dabba mai tafiya da ƙafa biyu, Psittacosaurus, wadda ba ta da ƙaho ba ta da faifan ƙeya, da wannan ƙashi kaɗai ta tabbata 'yar uwar Triceratops ce. Darasi ne mai kyau a kan yadda ake gane dangantaka: abin da ya fi jan ido ba lallai ne shi ne hujja ba.

Sai batun nauyi. Babban Triceratops yakan kai mita 8 zuwa 9 a tsawo, nauyinsa kuma ya kai na giwa ko ya ɗara. Kansa kaɗai, daga baki zuwa bakin faifai, yakan haura mita 2, ƙahonin goshi kuma su kusa mita guda tun ba a sa musu kube ba. Yaya wuya zai riƙe wannan? A ƙarƙashin faifan, inda kai ya haɗu da wuya, akwai wani dunƙulen ƙashi mulmulalle kamar ƙwallo, yana zaune cikin kwarmin gaɓar wuya ta farko. Wurin da yake ya sa nauyin fuska a gaba da nauyin faifai a baya suna kusan daidaita juna, kamar mai tallan ruwa da ya sami tsakiyar sandarsa. Gaɓoɓin wuya na farko kuwa sun haɗe sun zama ƙashi ɗaya, ginshiƙi mai ƙarfi da zai karɓi nauyi da girgiza. Idan mutum ya karanta wannan sai hoton dabbar ya sauya masa a zuci. Kan da ya ɗauka kaya ne da ake ja da ƙyar ya zama abin da ake iya juyawa dama da hagu cikin sauƙi.

Inda na fi daɗewa shi ne haƙora, kuma ina ganin nan ne dabbar ta fi ban mamaki, fiye da ƙahonin da suka yi mata suna. A kowane ɓangare na muƙamuƙi, sama da ƙasa, akwai layuka 36 zuwa 40 na haƙora, kowane layi kuma haƙora 3 zuwa 5 ne a jere, wani a ƙarƙashin wani, kamar buhuna a rumbu. Na sama ne kaɗai ke aiki. Idan ya cinye ya faɗi, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Babbar dabba tana iya ɗauke da haƙora har 800 a baki a lokaci guda. Saniya niƙa take yi, tana karkaɗa haɓa gefe da gefe kamar dutsen niƙa. Triceratops yanka yake yi: haƙoran ƙasa suna wucewa ta gefen na sama a tsaye, kamar bakin almakashi. Baki ya cafko reshe ya fizgo, almakashin ciki ya daddatsa, sauran aikin kuma ciki ya ƙarasa. A zamaninsa babu shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa irin na yau, don haka masana suka yi ta kawo sunayen abin da zai iya ci: dangin giginya da dabino, da wasu tsirrai masu taurin ganye, da ƙananan itatuwa masu fure waɗanda a lokacin suke yaɗuwa. Dodson ya jera ra'ayoyin, bai tilasta wa ƙashi ya faɗi abin da bai faɗa ba.

A nan ne mu ma muke da abin cewa. A Gadafawa, cikin hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, an tono wata dainaso mai dogon wuya wadda Paul Sereno da abokan aikinsa suka sa wa suna Nigersaurus a 1999. Ba dangin masu ƙaho ba ce ko kusa, ta kuma riga Triceratops da shekaru miliyoyi masu yawa, amma ita ma tana da rumbun haƙora sama da 500, wani na jiran wani. Nata a gaban baki suke, a jere a miƙe, don yankar tsiro daga ƙasa. Matsala ɗaya ce, wato abinci mai cinye haƙori, dabbobi biyu da teku da zamani suka raba kowacce ta zo da irin maganinta. Littafin ya riga wannan suna fitowa da shekara uku, amma wanda ya karanta bayanin Dodson kan haƙora zai fahimci dabbar Nijar fiye da wanda bai karanta ba.

Rabin daɗin littafin tarihi ne, kuma gwarzon tarihin John Bell Hatcher ne, mai tono wa Marsh ƙasusuwa. A 1888 wani mai garken shanu, Charles Guernsey, ya nuna masa wani ƙaho na dutse. Ma'aikatansa ne suka hango ƙaton kai ya leƙo daga gaɓar wani kwazazzabo, ɗaya daga cikinsu ya jefa igiya ya zarge ƙahon ya ja. Ƙahon ya ɓalle ya biyo igiya, kan kuma ya gangara ƙasan kwazazzabon. Marsh ya tura Hatcher ya nemo ragowar. Daga 1889 zuwa 1892 Hatcher ya tono ƙoƙunan kai sama da 30 a wannan yanki na gabashin Wayomin. Ba mota, ba injin ɗaga kaya. Kai guda tare da dutsen da ya riƙe shi ya taɓa haura tan 3, kuma da dawaki da amalanke ake jan sa a ƙasa marar hanya har zuwa tashar jirgin ƙasa. Shi yana can yana fama da rana da sanyi, Marsh yana Yale yana buɗe akwatuna yana raɗa sunaye. Wani ya riƙe ƙaho wani na tatsa.

Ƙarshen labarin ya taɓa ni. Marsh ya mutu a 1899 bai rubuta babban littafin da ya ɗauki alkawari a kan masu ƙaho ba. Aikin ya dawo hannun Hatcher, mutumin da ya fi kowa sanin ƙasusuwan don shi ya ciro su. Ya yi nisa da rubutu sai zazzaɓin taifot ya ɗauke shi a 1904, yana da shekara 42. Richard Swann Lull ne ya ƙarasa, littafin ya fito a 1907 da sunayen su uku, na Hatcher a gaba. Dodson yana rubuta labarin waɗannan mutane kamar mai ba da tarihin kakanninsa, da girmamawa, amma ba ya ɓoye rowarsu da gaggawarsu da kishin da ya shiga tsakanin Marsh da abokin hamayyarsa Edward Drinker Cope, kishin da ya sa kowannensu ke saurin sa wa guntun ƙashi suna don kada ɗan'uwansa ya riga shi.

Wannan gaggawa ta bar baya da ƙura. A tsawon shekaru an raɗa wa Triceratops sunayen nau'o'i har 16. Wannan ƙahonsa ya fi miƙewa, sabon nau'i. Wancan na hancinsa gajere ne, sabon nau'i. Wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya ga bunaji ɗari ya san inda matsalar take: ga mai ƙaho a buɗe, ga mai ƙaho a tanƙware, ga wadda nata ya sunkuyo, ga ɗan maraƙin da nasa bai gama fitowa ba, kuma duk bunaji ne. A 1986 John Ostrom da Peter Wellnhofer suka yi irin wannan tunani, suka ce nau'i ɗaya ne tak. Sai Catherine Forster, ɗalibar Dodson, ta sake auna ƙoƙunan ta ce biyu ne, Triceratops horridus da Triceratops prorsus. Ostrom shi ne malamin Dodson a Yale. Ga malaminsa a gefe guda, ga ɗalibarsa a ɗaya gefen, kuma ya kawo hujjar kowa yadda mai ita zai yarda an yi masa adalci. Lokaci ya goyi bayan Forster. Wani bincike da aka buga a 2014, bayan an tono ƙoƙuna da yawa a duwatsun Hell Creek na Montana ana lura da zurfin da kowanne ya fito, ya nuna horridus yana shimfiɗun ƙasa, prorsus yana na sama, wato ɗaya ya riga ɗaya a zamani.

Tambayar da kowane yaro zai fara yi ita ce, ƙahonin na mene ne? Amsar da ke zuwa baki ita ce don kare kai daga Tyrannosaurus, wanda suka yi zamani ɗaya a ƙasa ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, don an sami ƙashin ƙugun Triceratops cike da ramukan haƙoran wannan maharbi. Amma Dodson ya sa mai karatu ya kalli dangin gaba ɗaya. Centrosaurus ƙahonsa babba a hanci yake, na goshi 'yan ƙanana. Styracosaurus ya jera dogayen tsinaye a bakin faifai. Einiosaurus ƙahon hancinsa ya tanƙwaro gaba yana kallon ƙasa. Pachyrhinosaurus ba shi da ƙahon hanci ma, sai wani kaurin ƙashi kamar turmi a kife. Faifan kansa, a yawancin dangin, yana da manyan tagogi biyu da fata ce kawai ta rufe su. Na Triceratops kuwa cikakke ne ba huji. Garkuwa mai tagogi ba garkuwar yaƙi ba ce. In da makami ne kawai ake nema, da siffa ɗaya mai kyau ta wadatar da kowa. Jikinsu daga wuya zuwa wutsiya kusan iri ɗaya ne, a kai kaɗai kowa ya yi nasa ado.

Tun 1975 Dodson da James Farlow suka buga nazari suna cewa a dubi dabbobin yau masu ƙaho. Rago da barewa da gwanki sun fi amfani da ƙaho a tsakaninsu: nuna isa, tsorata abokin hamayya, karo a kan mace. Wasu masana kafin su sun ce faifan wurin kama tsokar muƙamuƙi ne, don ƙarin ƙarfin tauna. Masanin jikin dabba ya san ƙarfin tsoka a kaurinta yake, tsawo ba ya ƙara mata ƙarfi, don haka wannan bayani ba zai ɗauki faifai mai tsawon mita ba. Abin da ya faranta mini shi ne hujjar da ta zo bayan littafin. A 2009 Andrew Farke da abokan aikinsa suka ƙirga tabon raunuka a ƙoƙunan Triceratops da na Centrosaurus. Suka tarar Triceratops ya fi yawan rauni nesa ba kusa ba a ƙashin gefen faifai, daidai inda tsinin ƙahon abokin karo zai sauka idan biyu suka sarƙe ƙahoni suna turereniya. Wanda ya taɓa raba raguna biyu ba zai yi mamaki ba.

Gardamar ƙafafun gaba ba ta ja ni sosai ba, ko da yake a shekarun da aka rubuta littafin tana da zafi. Robert Bakker ya zana dabbar da ƙafafu a miƙe ƙarƙashin jiki, tana sukuwa kamar karkanda. Wasu suka haɗa ƙasusuwan kafaɗa da na dantse suka ce gwiwar hannu waje take buɗewa. Sawun ƙafa da aka samu a Kolorado da nazarce-nazarcen baya sun kai yawancin masana tsaka-tsaki.

Babin Asiya kuwa kamar tatsuniya yake, sai dai gaskiya ne. A 1922 tawagar Roy Chapman Andrews ta gidan tarihin halittu na New York ta sami ƙoƙon kan Protoceratops a hamadar Gobi, dabba mai girman babban rago, da faifai amma ba ƙahon kirki. A 1923 suka sami ƙwayaye a sheƙa. Da yake ƙasusuwan Protoceratops ne suka cika wurin, aka ce nata ne. An kuma sami wata dainaso kwance a kan sheƙar, aka ce ɓarauniya ce, aka sa mata suna Oviraptor, ɓarawon ƙwai. Shekara 70 tana ɗauke da wannan ƙazafi. Sai a 1993 aka sami irin ƙwan da ɗan tayi a ciki, ya tabbata na dangin Oviraptor ne. Ashe uwa ce take kwanci. A hamadar dai, a 1971, tawagar masanan Folan da Mongoliya ta tono Protoceratops da maharbi Velociraptor a sarƙe da juna, hannun maharbin a cikin bakin akun, yashi ya rufe su suna tsakiyar kokawa.

Protoceratops ce kuma ta nuna mini iyakar marubucin. A 1976 Dodson ya auna ƙoƙunan kanta 24, daga jarirai zuwa tsofaffi, ya ce ya gano maza da mata: masu faffaɗan faifai da tudun hanci maza ne. Aiki ne na farko-farko a irinsa, kuma ya kawo shi a littafin da yaƙini. Da aka sake awon da sababbin dabaru a 2015, ba a sami rabuwa biyu a fili ba. Yawancin bambancin na shekaru ne da girma. Haka nan ya tsaya wa sunan Monoclonius, wanda Cope ya raɗa a 1876, yana ganin jinsi ne mai zaman kansa. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, Scott Sampson da Michael Ryan da Darren Tanke suka kawo hujjar cewa ƙasusuwan da ake kira da wannan suna na matasan wasu jinsuna ne waɗanda adon kansu bai gama fitowa ba, kuma yawancin masana sun bi su. Ina ganin a nan ƙaunar tsofaffin sunaye da mutanen da suka raɗa su ta ɗan rinjayi idon likitan. Amma ko a inda ya kuskure, ya shimfiɗa awonsa da dalilinsa a fili, yadda mai zuwa zai san ta inda zai kama ya gyara. Ba kowane marubuci ke yi wa masu sukarsa wannan alheri ba.

Ƙorafina na gaske a kan tsari ne. Tsakiyar littafin, inda ake bin jinsi bayan jinsi, da wanda ya tono, da gidan tarihin da ya ajiye, da sunan da aka sa aka soke, yakan yi nauyi. Wanda ya zo neman rayuwar dabbar zai yi doguwar tafiya kafin ya iso gare ta a babin ƙarshe, kuma idan ya iso zai so a ce ta fi haka yawa. Zane-zanen launi na Wayne Barlowe da na alƙalami na Robert Walters suna rage gajiya, musamman inda aka jera kawuna gefe da gefe mutum ya ga bambancin da idonsa.

Abin da aka samu na rayuwar kuwa ya isa a yi ta tunani a kansa. A zamanin dabbobin wani teku marar zurfi ya raba Amurka ta Arewa biyu, masu ƙaho suna zaune a ɓangaren yamma, a ƙasa mai ɗumi da koguna da fadama tsakanin duwatsu da gaɓar ruwa. A lardin Albata na Kanada akwai wurare da ƙasusuwan Centrosaurus suka taru, ɗaruruwan dabbobi, manya da matasa da ƙanana a cakuɗe, kusan babu wata dabba daban a cikinsu. Bayanin da ya fi zama shi ne garke ne ruwa ya ci, ko a tsallaken kogi ko a ambaliya. Na karanta wannan na tuna hotunan shanun da ambaliya ke kwashewa, na ji tausayin dabbobin da suka mutu shekara miliyan 76 da suka wuce. Triceratops kuwa, duk da yawansa, akasari ɗaya-ɗaya ake samun sa. Shi ne kuma na ƙarshe-ƙarshen dangin. Ya rayu daga kimanin shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce, yana nan har ranar da dutsen sama ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. A zamanin da aka rubuta littafin miliyan 65 ake cewa. Ingantaccen awo ne ya matsar da adadin.

Tsufan littafin ma labari ne. Lokacin da Dodson ya sa wa wata ƙaramar mai ƙaho daga Montana suna Avaceratops a 1986, don girmama Ava Cole, matar mutumin da ya gano ƙasusuwan, an yi shekara 36 ba a sami sabon jinsi a cikin manyan masu ƙaho ba, tun Pachyrhinosaurus a 1950. Fagen ya yi tsit. Bayan 1996 sai aka ɓalle kamar ruwan Agusta: Zuniceratops a 1998, Yinlong daga ƙasar Sin a 2006 wanda ya mayar da asalin dangin can baya, Kosmoceratops mai ƙahoni da tsinaye 15 a 2010, Regaliceratops a 2015, Lokiceratops a 2024. A 2010 John Scannella da Jack Horner suka tayar da ƙura da cewa Torosaurus, mai dogon faifai da tagogi, tsohon Triceratops ne kawai, wasu suka musa, har yau ba a gama ba. Jerin sunayen da ke littafin yanzu bai kai rabin waɗanda aka sani ba. Amma duk wata sabuwar gardama da na ci karo da ita, tambayoyinta su ne waɗanda Dodson ya koya mini yi: wannan bambanci na jinsi ne, ko na shekaru, ko na mace da namiji, ko kuwa irin na bunajin kara ne? Da tsohuwar zuma ake magani. An sake buga littafin a 2017, kuma zan ba ɗalibin likitancin dabbobi ko malamin kimiyyar halittu na sakandare shawarar ya neme shi, ko da babin ƙwarangwal kaɗai zai karanta.

Ba a taɓa tono dainaso mai ƙaho a Afirka ba. Asiya da Amurka ta Arewa ne babban gidansu. Duk da haka littafin ya bi ni har tsakar gida. Da Sallar layya ta zo, aka raba kan rago da wuya, na karɓa na juya shi na dubi ƙeyar, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da nake ganin ana yanka. Ina neman ƙwallon nan da kai ke juyawa a kansa. Guda biyu na gani, ɗaya a kowane gefen ramin da lakar baya ke fita, kamar yadda yake ga duk dabba mai shayarwa, har da mu. Bayan kwana biyu aka yanka zakara, na sa yara suka kawo mini kan. Na share ƙeyar da tsinin wuƙa a hankali. Nasa guda ɗaya ne, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, mulmulalle, a tsakiya daidai, irin na Triceratops.